Rahinatu Mai Tsaron Gida

Ranar Laraba da hantsi Baffa Idirisu ya aika a kira Rahinatu. Ta same shi a falonsa da ke unguwar New Bell a birnin Duwala, zaune a kan kujerar katako, takardar nan tana kan cinyarsa ya danne ta da tabarau.

Daga Faransa takardar ta zo. Wata ƙungiyar ƙwallon hannu ta mata ce ta ga wasanninta, take son ta je ta tsare mata gida har shekara biyu, kuma suna jiran amsa kafin Juma'ar ƙarshen wata. Shekara goma sha ɗaya ke nan Rahinatu tana tsayuwa a bakin raga. Marigayi mahaifinta bai yarda ta yi wasan ba sai da ya ga mai tsaron gida ce kaɗai take sa dogon wando da riga mai dogon hannu, sannan ya ce ta je. Ta ɗaure kallabinta tamau ta shiga. Yanzu shekarunta ashirin da biyar, ƙungiyarta ta Duwala tana biyanta albashi, ƙwallo ta taɓa karya mata hanci, yatsunta biyu na hagu sun ɗan karkace. Irin wannan takarda kuwa, ita ce abin da kowace 'yar wasa a garin take roƙon Allah a kai.

Baffa Idirisu wan mahaifinta ne, shi ne waliyyinta. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce 'yar ƙaninsa ba za ta ƙetare teku ba aure ba, kuma iyayen Abdurrazak za su kawo goron gaisuwa ranar Lahadi ta sama. In an ɗaura, tafiya da zama sai ya koma hannun mijinta.

Ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, "Baffa, ka san akwai Zakariya'u."

"Mai albasa?" Ya ɗauki tabarau ya saka. "Sau biyu yana turo min abokan kasuwarsa. Abokin kasuwa ba dangi ba ne, Rahinatu. Waye ubansa? Ina gidansu? In gobe ya tattara buhunansa ya hau mota, ƙofar wa zan je in buga? Ban ce mutumin banza ba ne. Cewa na yi ban san shi ba, kuma ba na ba da 'ya ga wanda ban sani ba."

Ta yi masa sallama ta fito, idanunta cike taf.

Washegari da la'asar Abdurrazak ya zo. Layinsu ɗaya tun suna yara, ubansa aminin Baffa ne, yanzu yana aiki a wani ofishin inshora a unguwar Bonanjo. Suka zauna a ƙarƙashin rumfar ƙofar gida. Mutum ne mai kirki, kuma wannan shi ne abin da ya fi yi mata wuya. Rabin maganarsa Hausa, rabi Faransanci. Ya gaya mata ya riga ya yi magana da wani abokinsa, akwai gurbin sakatariya da za ta iya riƙewa, ofis mai sanyi, ba rana ba gudu. Ya ce shi ba ya raina wasanta, amma bayan biki dole a ajiye shi.

"Écoute, Rahina," ya ce, yana kallon yatsunta. "Nan da shekara biyar gwiwa za ta gaji, su ɗauko wata yarinya su saka. Me ƙwallo za ta bar miki? Ni tsufanki nake dubawa."

Ta san akwai gaskiya a ciki. Ta sha ganin manyan 'yan wasa da suka koma sayar da soyayyen kifi a bakin titi suna ɗingishi. Ta ce ya ba ta lokaci ta yi tunani. Ya yi murmushi ya ce har Lahadi ta sama ai lokaci ne.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ruwa yana zuba kamar da bakin ƙwarya, ta tare ɗan bensikin ta hau bayan babur ɗinsa zuwa kasuwar Sandaga. Ta ratsa tsakanin 'yan dako da tumatir da ya ruɓe a cikin taɓo har ta isa rumfar Zakariya'u. Yana tsaye yana ja wa buhunan albasa tamfol kada su jiƙe.

Dogo ne, ba shi da yawan magana, Hausarsa da ɗan karin Fillanci. Shi yake kai wa Mama Hapsatu, mahaifiyar Rahinatu, albasar da take girkin sayarwa da ita, a nan suka san juna. Shekara biyu ke nan duk Asabar sai ya bar rumfarsa a hannun maƙwabci ya je filin wasa, ya tsaya a bayan ragarta. Da farko bai san ko dokar wasan ba. Yanzu yana iya gaya mata wace 'yar wasa ce take kallon kusurwar dama ta jefa hagu.

Ya shimfiɗa mata buhun da ba komai a kan benci. Ta gaya masa duk yadda aka yi, da maganar Baffa, da ranar Lahadi.

"Me ya sa ba za ka kawo ko mutum ɗaya daga gidanku ba, Zakariya'u? Mutum ɗaya fa. Ko ni ce ban kai a tashi tsoho saboda ni ba?"

Ya kalli ruwan da ke zuba daga bakin kwano. Sannan ya gaya mata abin da bai taɓa gaya mata ba. Iyayensa sun rasu tun yana ƙarami, wan ubansa Malam Ɓoɓɓo ne ya riƙe shi a wani ƙauye bayan Marwa. Tsohon ya so ya zauna ya riƙe gona da shanu, shi kuma ya ƙi, ya gudo kudu a saman motar albasa ba ko sallama. Ranar da ya buga waya ya nemi afuwa, tsohon ya ce wanda ya fita ba sallama ba shi da ɗaki a gidansa. Shekara bakwai ke nan ba su ji muryar juna ba.

"Baffanki bai yi ƙarya ba," ya ce. "Ba ni da kowa da zan nuna."

"To shi ke nan? Ka bar ni?"

"Ban ce haka ba."

"Me ka ce? Ni fa ban iya zama da mutum ina kallonsa ina tunanin wani ba. Kuma ban iya fita daga maganar Baffa ba, shi ne uban da ya rage min. In ka ce in yaga takardar nan in zauna muna jira har Allah ya sauko da zuciyarsa, wallahi zan yaga."

Ya juyo da sauri. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Kada ki yaga. Na ga ranar da aka fasa miki hanci, jini har ƙirji, kika ƙi fita sai da aka tashi. Wanda ya ga wannan ba zai ce ki bari ba. Ko ni, ko wani, kada ki bar ragar nan saboda namiji, Rahinatu. In ba rabona ba ce ke, ki tafi dai."

Ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka mai isarta, shi kuma yana tsaye hannuwansa a baya, ba abin da zai iya yi. Har ta hau babur bai yi mata alkawarin komai ba.

Washegari ta kira wayarsa, a kashe. Ya kuma rasa wasan Asabar, karo na farko. Ranar Litinin ta aika Sandaga, maƙwabcinsa ya ce ya bar masa rumfa ya tafi, bai faɗi ko ina ba.

Gidan nasu kuwa ya cika da gwaggonni. Wannan ta shigo da safe, waccan da azahar, kowa da nata karatun. Ga yaro ɗan gida, ga aiki, ga mutunci, me ake nema kuma? Ɗan arewan nan ai ya nuna halinsa, da ya ji magana ta yi nauyi ya cika wandonsa da iska. Wata ma ta kama hannun Rahinatu ta juya shi, ta ce ta gode wa Allah da aka samu mai son waɗannan yatsu.

Mama Hapsatu kaɗai ce ba ta sa baki ba. Sai wata rana suna tsince shinkafa ta ce, ba tare da ta ɗago ba, ita ba za ta tilasta mata kowa ba, amma namijin da ya kashe waya a irin wannan lokaci sai an yi hattara da shi. Ta ce ta yi istihara, abin da zuciyarta ta natsu a kai ta faɗe shi da bakinta, kada ta bari shiru ya yanke mata hukunci.

Asabar ta zagayo, ranar wasan kusa da na ƙarshe na cin kofi. Rahinatu ta shiga fili jikinta a nan, hankalinta a wani wuri. Cikin minti goma aka zura mata ƙwallo shida. Duk lokacin da ta juya ɗauko ƙwallo daga raga sai idonta ya kai wurin da Zakariya'u yake tsayawa, ta ga wani ne daban. Koc ɗinsu, wata tsohuwar 'yar wasa da ba ta san wasa da aiki ba, ta fitar da ita ta zaunar a benci. A hutun rabin lokaci ta tsuguna a gabanta ta gaya mata cewa ba ta san abin da ke damunta ba, ba ta kuma tambaya ba, amma akwai 'yan mata shida a fili da suke gudu suna dogara da cewa akwai mutum a bayansu. In babu, ta faɗa.

Rahinatu ta wanke fuska, ta sake ɗaure kallabi, ta koma.

Ta tare ƙwallo ta farko da ƙafa, ta biyu da gwiwar hannu. Ta uku ta sauka a ƙirjinta da ƙarfin da sai da numfashinta ya ɗauke, ta miƙe ta wurga wa 'yar gefe, aka ci. A hankali suka cike giɓin, suka wuce da ɗaya. Saura daƙiƙa kaɗan a tashi alƙalin wasa ya hura bugun mita bakwai a kansu.

Mai jifan wata ƙatuwa ce 'yar hagu. Rahinatu ta fito taku uku, ta buɗe hannuwa, ta ƙi kallon ƙwallon, ta kafa ido a kafaɗar matar. Kafaɗar ta ɗan sauka. Ta watsa ƙafarta ta dama tun kafin ƙwallon ta bar hannu, sai ji ta yi ta daki ƙaurinta ta yi sama.

'Yan ƙungiyarsu suka rufe ta, wasu na kuka. Ita kuwa a ƙarƙashinsu, ƙafarta na raɗaɗi, abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai fili ƙarara: ba a wurin kowa ta aro wannan ba, kuma ba za ta iya yi wa Abdurrazak alkawarin barin wasa ba alhali ta san ƙarya take yi.

A bakin ƙofar filin ta tarar da Abdurrazak riƙe da lema. Yau ne karo na farko da ya zo kallonta, kuma fuskarsa ta nuna bai ji daɗin abin da ya gani ba. Ya fara cewa ƙwallon da ta same ta a ƙirji ta kusa tsayar masa da zuciya. Ta tare shi cikin ladabi. Ta ce shi mutumin kirki ne, ya cancanci matar da za ta shiga gidansa da zuciya ɗaya, ita kuwa ba za ta iya ba.

"Ko da shi wancan bai dawo ba?"

"Ko da bai dawo ba."

Ya naɗe lemarsa duk da yayyafin da ake yi. Ya ce magana ta riga ta shiga hannun manya, ba zai iya hana su zuwa gobe ba. In tana da ƙarfin faɗa a gabansu, ta faɗa, shi ba zai riƙe ta a zuci ba.

Lahadi bayan azahar baffannin Abdurrazak biyu suka iso gidan Baffa Idirisu da huhun goro da alewa. Rahinatu da Mama suna ɗakin ciki, labule ne kawai tsakaninsu da falo. An gama gaishe-gaishe, babban cikinsu ya gyara murya zai fara bayani, sai aka ji sallama daga waje, muryar tsoho, a dushe.

Baffa ya amsa ya ce a shigo.

Ta gefen labule Rahinatu ta ga wani dattijo siriri, fari, da rawani da sanda, gefen rigarsa duk jan taɓo. Ya cire takalmi da ƙyar. Ya ce sunansa Ɓoɓɓo, daga ƙasar Marwa yake, kwana uku yana hanya, mota da jirgin ƙasa da mota, bai taɓa ganin teku ba sai yau da ya hango shi. Ya ce a gafarce shi da ya faɗo cikin taro ba a gayyace shi ba.

Mama ta damƙe hannun Rahinatu.

Baffa Idirisu, ko me yake ji a ransa, ba mutumin da zai bar dattijo a tsaye ba ne. Ya tashi ya ba shi kujerarsa, ya sa aka kawo ruwa. Tsohon ya sha, ya yi hamdala, sannan ya yi magana cikin Hausarsa mai nauyi.

"Ina da ɗa mai taurin kai, Zakariya'u. Na rantse ba zai sake taka gidana ba. Makon jiya na fito sallar asuba na same shi durƙushe a ƙofa. Na wuce shi. Kwana uku yana nan, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, bai tashi ba sai don salla. Na ce me kake so? Ya ce ba gona ba, ba saniya ba, so yake in zo in ce shi ɗana ne. To na yi kaffarar rantsuwata, na zo. Ɗana ne. Ubansa Imrana ƙanina ne, kabarinsa yana bayan gidana. Ina nema masa auren 'yarku."

Baffa ya tambaye shi ko ya san sana'ar yarinyar, ko ya san ana kiranta ƙasar Turawa shekara biyu. Tsohon ya ce duk an gaya masa a hanya, har ya gaji da ji. Ya ce su mutanen shanu ne, sun saba ɗaya ya tafi inda ciyawa take, ɗaya ya zauna ya riƙe gida. Bai taɓa ganin inda mace ce mai tafiyar ba, amma yaron ya ce ya yarda, kuma ba shi ne zai zauna da ita ba.

Baffa ya cire tabarau ya murza idanunsa. Sannan ya ɗaga murya ya kira sunanta.

Ta fito ta durƙusa a bakin ƙofa, kanta a ƙasa. Ya ce ga manya ta ko'ina, ba ya son gobe a ce ya yi mata dole, ta faɗi abin da ke ranta.

Ta yi magana yadda kowa zai ji.

"Baffa, ba zan auri wanda ba ka yarda da shi ba, ko zan mutu ba aure. Amma na gaya wa Yaya Abdurrazak jiya, ba zan iya cutarsa ba. In ka amince, Zakariya'u nake so."

Baffannin Abdurrazak suka dubi juna. Babban ya yi ajiyar zuciya, ya ce yaron nasu ya ɗan yi musu shaguɓe da safe, ba su gane ba sai yanzu. Ya ce aure nufin Allah ne, zumuncinsu da gidan nan ya girmi yaran duka. Ya tura huhun goron gaban Malam Ɓoɓɓo ya ce baƙo ya fara ɗauka, goron da ya shigo gida ba ya komawa.

Baffa Idirisu ya raka su har waje, ya daɗe yana ba su haƙuri. Da ya dawo fuskarsa ba yabo ba fallasa.

"Ban ce na ba shi ba," ya ce wa tsohon. "Ka zo ka ga gidana. Ka huta yau, gobe tare za mu koma in ga naka, in tambayi maƙwabtanka da limaminku. Abin da na gani shi zan yi aiki da shi." Ya juyo ga Rahinatu. "Ranar Alhamis zan kira ki daga can. Kafin nan kada ki ce wa Turawan nan e, kada ki ce musu a'a."

Alhamis. Kwana ɗaya tak kafin wa'adin takardar. Ta ce to, ta miƙe.

Mama ce ta tura ta da ido, ta miƙa mata kofin ruwa ta ce akwai wanda ba a ba shi ba.

Zakariya'u yana tsaye a bakin kwata, jikin katangar da ke kallon gidan, da 'yar jakar tsohon a hannu. Ya rame, ya yi baƙi, leɓɓansa sun tsattsage. Ya fara ba ta haƙuri, wai tsoro ya ji ya kunna waya ta tambaye shi abin da ba shi da amsarsa, gara ta yi fushi da shi da ya sa mata rai ya dawo hannu biyu. Ta yi tanadin maganganu masu zafi na kwana tara, ta neme su ta rasa. Ta miƙa masa kofin kawai.

Ya shanye tas. Ya goge baki da bayan hannu, ya dube ta cikin jin nauyi, kamar mai tambayar abin da bai kamata ba.

"Wasan jiya fa?"

"Mun ci. Da ɗaya."

"Nawa kika tare?"

"Goma sha huɗu. Har da bugun mita bakwai a ƙarshe, na 'yar hagun nan."

Ya rufe ido ya jingina kansa da katanga, yana murmushi.

"Kuma ban gani ba," ya ce.

Dariya ta kuɓuce mata tare da hawaye, ta ja mayafi ta rufe baki kada a jiyo daga falo.

"Saura na ƙarshe," ta ce. "Asabar mai zuwa. Ka zo da wuri."